Wa Ya Kamata Ya Ji Kunya? So Da Cin Amana A Bakin Mawaƙan Jiya Da Na Yau

  

Wata 'yar gardama ce tsakanina da mahaifina ta jawo wannan rubutu. Ranar wata Asabar da yamma muna shago, kasuwa ta lafa, ina ninke shadda, sai na kunna waƙa a waya ƙasa-ƙasa. Waƙar soyayya ce irin ta yanzu, mawaƙin yana ta kukan wadda ta yaudare shi. Baba ya ɗan saurara, can sai ya ce, "Kai, kashe mana wannan abin. Mawaƙan da suna da kunya, na yanzu kuwa sun sayar da tasu sun sayi fiyano." Na ce, "Baba, ai su ma na da ɗin sun yi waƙar so." Ya ce, "Son wa? Je ka bincika, ka dawo ka gaya mini."

Ban ja ba, na kashe. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda wani dalili da shi ma Baban ya sani. A lokacin ƙanwata ta yi wata biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. An sa ranar aurenta, an kawo lefe, har mun buga kati, saura sati uku wanda zai aure ta ya aiko wai ya fasa. Shi yana ta yawonsa a nan Congo-Russia, yana zama majalisa ana shan shayi da shi, ita kuwa ko Islamiyya ta daina zuwa. In na ce ta fito, sai ta ce, "Yaya, da wane ido zan kalli mutane?" To shi ya sa da na kakkaɓe littattafan Hausa na sakandare, na kuma koma wa tsofaffin kaset ɗin Baba, tambaya ɗaya nake nema wa amsa: in an ci amanar so, wa mawaƙanmu suke ɗora wa kunyar?

Zamanin su Shehu

Baba ya yi gaskiya da ya ce son wa. Rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 cike suke da so, amma wanda ake so ɗin shi ne Manzon Allah (SAW). Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, yana da kimanin shekara 20 ya yi ƙasidarsa ta Larabci da ake kira Daliyya, ta begen zuwa Madina. Duk alamomin mai ciwon so suna cikin irin waɗannan waƙoƙi: hawaye, rashin barci, ƙosawa da nisan masoyi. Allah bai nufe shi da zuwa Madinar ba har ya bar duniya.

Kada mai karatu ya ɗauka malaman nan ba su san waƙar son mace ba. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya lissafa cewa ya karanta waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na da a wurin yayansa, kuma Imru'ul Ƙaisi, sarkin masu kukan kangon gidan masoyiya, yana cikinsu. Burda ta Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13, da kukan mai bege ta buɗe kafin ta juya ga yabon Annabi. Wato sun san hanyar sarai, sai dai sun zaɓi inda za su kai ta. Wannan layi bai yanke ba, don shi ne Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin nan da ya rasu a 1990, ya ɗora a kai cikin Imfiraji, wadda har yau za ka ji makafi na rerawa a bakin kasuwa.

Ko da aka zo kan so tsakanin mutum da mutum, ta ƙofar ta'aziyya yake shigowa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello waƙar ta'aziyya, ta yi wa aminiyarta A'ishatu, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. A ta mijin, halayensa na kirki da hidimarsa ga jama'a ta riƙa jerowa. Duk wanda ya tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ya san irin wannan so, wanda kunya ke sa shi ya zagayo ta bayan gida.

To cin amana fa? A nan ne na sha mamaki. Wajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda abin da ya ga mutane sun fara komawa. Kanawa ne suka tsayar da shi, a nan Kano ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma gida. A cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat akwai waƙar da ya yi kan wannan ɓacin rai, inda yake kukan cewa abokansa na gaskiya sun mutu, an bar shi cikin masu neman sarauta da dawakai da tufafin ƙawa. Jama'a, wannan ai waƙar yaudara ce tsantsa, sai dai mayaudaran manyan maza ne masu takubba.

Haka nan Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Gargaɗinta mafi zafi kan masu mulki ne da alƙalai da duk mai ƙarfin da ya danne na ƙasa da shi. Kunyar da ake tsoratarwa da ita kuwa ita ce ta ranar tsayuwa, ranar da asirin kowa zai tonu. A wannan zamani dai, wanda aka ba amana ya ci, shi ke ɗaukar kunya, komai girman rawaninsa.

Zuwan Nasara

A 1903 duniya ta juya. Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Akwai waƙar zuwan Annasara da ake jingina wa Attahiru, mai kiran jama'a su yi hijira. A idon wannan waƙa, abin kunya shi ne mutum ya zauna ƙarƙashin baƙon da ya ci ƙasarsa. Waɗanda suka zauna ɗin ma abin bai bar su sun yi barci ba, don sai da Waziri Buhari ya rubuta takarda ga malamai yana bayyana dalilin da ya sa ya tsaya ya yi sulhu.

Amma mawaƙin da ya fi kwanta mini a rai a wannan zamani shi ne Alhaji Umaru Salga, wataƙila don shi ma ɗan bafatake ne da ya yi rayuwarsa nesa da gida, kamar yadda kakana ya baro ƙasar Kano ya yi tasa a nan. An haife shi a Kano wajen 1858, fataucin goro ya kai gidansu Salga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892 ya koma Kete-Krachi, a can ya rasu a 1934. Ya yi waƙa kan zuwan Nasara, ya kuma yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda ake raina matalauci ko da gaskiya ya faɗa, ake girmama mai dukiya ko da shirme ya zo da shi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan karatu. Lokacin da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, Baba ya ce abin da ya fi asarar kaya ciwo shi ne yadda wasu abokan cin mushe suka daina amsa sallamarsa. Alhaji Umaru ya ga wata sabuwar kunya ta shigo gari, kunyar babu, ya kuma nuna cewa zalunci ne a ɗora wa mutum ita alhali bai ci amanar kowa ba.

Bariki

Yanzu bari mu dawo gida Jos, don labarin ya biyo ta ƙofarmu. Haƙar kuza ce ta tara kakanninmu a kan wannan dutse tun farkon ƙarni na 20, wasu da ƙafarsu, wasu kuma ta hanyar diban gwamna, musamman tsakanin 1942 da 1944 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Aka sami sansanonin leburori cike da maza marasa iyali, ga albashin sati, ga giya, ga caca, ga matan da suka gudo daga auren da ba su so ko suka rasa mai riƙe su. Irin wannan zama, a nan da sauran garuruwan da jirgin ƙasa ya ratsa, shi Bahaushe ya kira bariki.

A daidai wannan lokaci ne waƙar boko ta samu gindin zama. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a shekarun 1950 kuma hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga waƙoƙi ana kai wa makarantu. Mawaƙan wannan zamani sun yi wa ƙasa waƙar so. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya yi Arewa Jumhuriya ko Mulukiya yana jan kunnen sarakuna. Mawaƙan NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja, wanda ya zauna a nan Jos, sun tsaya wa talaka. Ta wannan fuska sun gaji su Abdullahi.

Sai dai da suka juyo kan sha'anin namiji da mace, sai ma'aunin ya karkace. Mu'azu Haɗeja ya yi Waƙar Karuwa. Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega a 1918 ya rasu a 1999, ya yi 'Yar Gagara. Fasaha kam ba a magana, malaminmu na Hausa har tsayawa yake yi yana girgiza kai in ya zo wasu baitoci. Amma ka duba wanda aka tsayar a tsakiyar fili ana nunawa da yatsa: mace ce. Ita ce mai lalata samari, ita ce mai cinye dukiya, ita ce mai raba gida. Don adalci, Mu'azu ya yi Waƙar Giya, wadda maza suka sha kashi a cikinta. Duk da haka, namijin da ya taka da ƙafarsa ya je gidan magajiya, yawanci a matsayin wanda aka cuta yake fitowa. Tambayar me ya fito da ita daga gidan ubanta ko na mijinta kuwa, ba ita ce ta dami waƙoƙin ba. A ganina a nan ne kunya ta sauka daga kan rawani ta koma kan ɗankwali, kuma mu da aka koyar da waɗannan waƙoƙi a aji mun haɗiye darasin ba mu sani ba.

Dandali da kuntigi

Duk wannan a takarda ne. A baka, mata ba su taɓa yin shiru ba. 'Yan mata a dandali suna gaɗa suna waƙe saurayin da suke so da tsohon da ake son a laƙaba musu. Matan aure suna waƙar niƙa da ta daka, suna sakar wa kishiya da uwar miji habaici. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da wannan murya fili da kiɗan ƙwarya na amada. Habaici kuwa dabara ce ta mai kunya: ka faɗi abin da ke cinka ba tare da ka kama suna ba, mai kaza a aljihu ya ji ana kiran kyat.

Wanda ya ɗauko wannan magana ya kai ta gidan rediyo har ta shiga kunnen iyaye maza, ɗan garinmu ne. Adamu Ɗan Maraya Jos, haifaffen Bukur a 1946, wanda ya rasu ranar 20 ga Yunin 2015. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba 'yan amshi, yakan canza murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama tsohuwa. A waƙar Auren Dole laifin yana kan iyayen da suka tilasta wa 'yarsu wanda ba ta so. A Jawabin Aure ya zaunar da miji da mata ya nuna musu abin da saki ke jawowa. A Gulma Wuya ya tona asirin magulmaciyar da ke haɗa baki da boka tana kashe auren mutane. Ka ga a nan kowa da kason laifinsa. Maraya ne da ya tashi a hannun Sarkin Hausawan Bukur, ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da wasu ke yi wa sarakuna, don haka ba abin mamaki ba ne da ya iya kallon aure ta idon wanda ba shi da ƙarfi. Ko bai yi niyya ba, ya mayar da ma'aunin inda su Nana Asma'u suka bar shi: a nemi wanda ya ci amana, a ba shi kayansa.

Zamanin fiyano

Daga 1980 ne so ya cire mayafi a rubuce. A shekarar aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. A 1982 Bello Sa'id ya fitar da Dausayin Soyayya, tarin rubutattun waƙoƙin soyayya. Sai littattafan kasuwar Kano irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Iyayenmu da suka sha kallon finafinan Indiya a silima irin Kwararafa ta nan Jos, su ne suka fara sayen finafinan Hausa masu rawa da waƙa, musamman bayan fitowar Sangaya. Surutu ya yi yawa, har Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Daga nan aka samu su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, har zuwa Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020, wadda matan aure suka riƙa taka wa mazajensu rawa da ita ana ɗauka a waya, malamai na ta faɗa.

Abin da ya canza a fili yake. Yau saurayi zai tsaya gaban duniya ya ce an yaudare shi, ya yi kuka, abin da kakana zai gwammace ya mutu da shi a ciki. Wannan ne Baba ke kira rashin kunya, kuma ban ce ba shi da hujja ba, don akwai waƙoƙin da ni kaina ba zan iya ji a gaban Inna ba. Amma akwai alheri a ciki, tunda wanda aka cuta ya samu bakin magana.

Abin da bai canza ba shi ne wanda ya fi damuna. Ka saurari waƙoƙin yaudara da samari ke kunnawa a majalisa da cikin Keke Napep. A mafi yawan waɗanda ni dai na ji, mai kukan namiji ne, mayaudariyar kuma budurwa ce da ta ga mai mota ta bi. Wato an haɗa kunyar babu ta Alhaji Umaru da 'yar gagarar Aƙilu, an sa musu fiyano. Kiɗan sabo ne, amma yatsan yana nan inda mawaƙan bariki suka nuna shi. Irin labarin ƙanwata, wanda kowace unguwa a Jos tana da nata, ba kasafai nake jin sa a waƙa ba.

Abin da na kai wa Baba

Bayan kamar sati uku na koma wa Baba da amsa, muna rufe shago. Na ce, "Baba, ka yi gaskiya, na da sun fi kunya wajen faɗin so. Amma ba su ji kunyar kiran maci amana da sunansa ba, ko da sarki ne. Mu kuwa mun iya faɗin so, amma in an ci amana sai mu bar wadda aka cuta ta ɓuya a ɗaki, mu zuba wa wanda ya cuce ta shayi." Ya yi shiru har muka kulle ƙofa. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ɗan Maraya dai ya faɗa, mu ne ba mu ji ba."

Ban ce waƙa ce ke sa mutum ya fasa aure saura sati uku ba. Amma waƙa tana koya wa jama'a inda za su kalla in abu ya faru, kuma abin da aka rera maka tun kana goye ya fi wa'azin Juma'a ɗaya zama a zuciya. Kunya ado ce, Bahaushe bai yi ƙarya ba, addini ma ya ce tana cikin imani. Sai dai kamar kowane kaya a kasuwa, tana da mai ita, kuma zalunci ne a ɗauki kayan wani a ɗora wa wani.

Ƙanwata ta koma Islamiyya. Baba da kansa ya raka ta ranar farko, ya bi da ita ta gaban majalisar nan, bai gaisa da kowa ba. Har yanzu in ta zo wucewa ta wurin takan sunkuyar da kai, shi kuma mutumin yana nan zaune yana dariyarsa. Ga masu fasahar waƙa a cikinku, ga aiki nan yana jira. Ni ɗan kasuwa ne, awon yadi na iya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin. Sai mun sake haɗuwa in da rai da lafiya. Wassalam.